Wai Ayalan ba 'yar ba-ruwanmu ba ce? Me ya haɗa ta da Isra'ila kan Gaza?

Auta_Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu bin siyasar duniya ina da tambaya, abin ya daɗe yana min yawo a kai. A makaranta an koya mana akwai ƙasashen Turai da ake ce musu 'yan ba-ruwanmu, irin su Suwizalan da Ostiriya da Ayalan, ba sa shiga yaƙin kowa kuma ba sa cikin NATO. To amma tunda aka fara luguden wuta a Gaza sai naga Ayalan ce kan gaba wajen caccakar Isra'ila, har ta amince da ƙasar Falasɗinu, har Isra'ila ta yi zuciya ta rufe ofishin jakadancinta na can. Ita kuma Suwizalan da kullum ake cewa a garinta aka rubuta dokokin yaƙi, ko tarinta ba ka cika ji ba. To wacece 'yar ba-ruwanmu ta gaskiya a cikinsu? Sannan shi wannan abin da Ayalan take yi yana tsinana wa mutanen Gaza wani abu kuwa, ko surutun 'yan siyasa ne kawai? A yi min dalla-dalla dan Allah, kar wani ya ce in je in bincika, datata ta kusa ƙarewa.

Baban_Nana:

Wa alaikumus salam Auta. Ni a Dublin, babban birnin Ayalan, nake zaune da iyalina, bari in faɗa maka yadda su kansu 'yan ƙasar suke kallon abin. In ka ce wa ɗan Ayalan ƙasarsa 'yar ba-ruwanmu ce zai ce maka ƙwarai kuwa, amma fa a harkar soja. Ba sa cikin NATO, ba su shiga yaƙin duniya na biyu ba, kuma ƙa'idar da suka daɗe a kanta ita ce ba a tura soja sama da 12 aikin wanzar da zaman lafiya a waje sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta yarda, gwamnati ta yarda, majalisar dokoki ta yarda, duka ukun. Amma bakinsu ba a ɗinke yake ba, ministocinsu sun sha faɗa ƙarara cewa rashin ɗaukar bindiga daban, yin shiru a kan zalunci daban, haka suka ce lokacin Yukren ma.

Kuma ruwa ba ya tsami banza. Ingila ta danne mutanen nan shekaru ɗaruruwa, ta kwaso nata mutanen daga Ingila da Sukotlan ta zaunar da su a gonakin 'yan ƙasa musamman a arewacin tsibirin, shi ya sa tun 1921 har yau tsibirin a rabe yake gida biyu. Daga 1845 zuwa 1852 aka yi musu yunwar nan da cuta ta kama dankali, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ya yi hijira, alhali ana ta loda hatsi da dabbobi a jiragen ruwa ana fita da su daga ƙasar. To mutumin da kakarsa ta ba shi wannan labarin, in ya ga motocin abinci sun yi layi a bakin iyakar Rafah an hana su shiga yara suna ramewa a ciki, ba sai an yi masa wa'azi ba. Har mutanen ma ɗaya ne a wani wurin. Shi Arthur Balfour ɗin da ya sa hannu a takardar 1917 da ta yi wa Yahudawa alkawarin gida a Falasɗinu, kafin nan shi ne babban jami'in Ingila mai riƙe da Ayalan daga 1887 zuwa 1891, kuma ba sa tuna shi da alheri ko kaɗan. Sannan 'yan sandan nan na Ingila da suka gasa musu aya a hannu lokacin yaƙin neman 'yanci, waɗanda ake kira Black and Tans, da aka sallame su a 1922 ɗaruruwansu Falasɗinu aka kwasa aka kai su ci gaba da irin aikin da suka saba.

Saboda haka ba yau suka fara ba. Tun a 1980 Ayalan ce ta farko a ƙungiyar ƙasashen Turai ta lokacin da ta fito ta ce a kafa ƙasar Falasɗinu. Da Hamas ta kai wa Isra'ila harin 7 ga Oktoban 2023 sun yi Allah wadai da shi, sun ce a saki waɗanda aka kama, amma tun makonnin farko suka fara cewa abin da Isra'ila take yi ya wuce kare kai. A farkon 2024 da ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Jamus suka dakatar da kuɗin UNRWA, hukumar da ke ciyar da 'yan gudun hijirar Falasɗinu da karantar da 'ya'yansu, su ƙara mata suka yi, Yuro miliyan 20. A watan Fabrairun shekarar firaministansu Leo Varadkar da na Sifaniya Pedro Sánchez suka rubuta wa Tarayyar Turai a sake duba yarjejeniyar cinikinta da Isra'ila. Ranar 28 ga Mayun 2024 su da Nowe da Sifaniya suka amince da ƙasar Falasɗinu, lokacin Simon Harris ne firaminista. A Disamba Isra'ila ta ce ta rufe ofishin jakadancinta na Dublin, ministanta Gideon Sa'ar ya zarge su da ƙin jinin Yahudawa, su kuma suka ce ƙarya ne kuma ba za su rufe nasu na Tel Aviv ba. Janairun 2025 suka shigar da takardarsu a shari'ar kisan ƙare dangi da Afirka ta Kudu ta kai Kotun Duniya a Hague, kuma don kar a ce Isra'ila kaɗai suka sa wa ido sun shiga wadda Gambiya ta kai Miyanma ma kan Musulmin Rohingya.

Abin da ba za ka gani a labarai ba shi ne gwamnati ba ita ke jan mutane ba, mutane ne ke tura ta. Asabar ɗin da ake babban gangami daga dandalin Garden of Remembrance ake tasowa, a bi titin O'Connell a haye gadar kogin Liffey har ƙofar majalisa. Za ka ga tsofaffin mata Turawa, wata da sandar dogarawa, ta yafa mayafin nan na Falasɗinawa mai baƙi da fari a kan rigar ruwa, ruwan sama yana ta tsiyaya ga iskar nan tasu mai shiga ƙashi amma ba mai komawa gida, ga 'yan ƙungiyar malaman makaranta da na ma'aikatan jinya kowa da tutarsa. Mu Musulmi a wajen 'yan tsiraru ne wallahi.

Sarkin_Gardama:

Baban Nana Allah ya biya, kayi bayani, amma ka tsallake inda gizo ke saƙar. Duk abinda ka lissafo kalli da kyau, wanne ne a ciki ya taɓa aljihun Ayalan? Amincewa da ƙasa takarda ce da tuta, wasiƙa zuwa Tarayyar Turai takarda ce, shiga shari'a lauyoyi ne zasu rubuta su kai. Ni inda nake auna mutum shine ranar da abin zai ci masa kuɗi.

Ga misali nan a gabanka. Tun 2018 wata sanata tasu Frances Black ta kawo ƙudirin hana shigo da kaya daga matsugunan da 'yan kama-wuri-zauna suka gina a Gaɓar Yamma, majalisar dattawa ta amince, ta wakilai ma ya tsallake karatu na biyu a farkon 2019, sai gwamnati ta zauna a kansa tace wai harkar ciniki hurumin Tarayyar Turai ne ba nata ba. Shekara biyar yana kwance. Sai da Kotun Duniya ta bada fatawarta a Yulin 2024 tace mamayar haramtacciya ce kuma bai halatta ƙasashe su taimaka wajen ɗorewarta ba, sannan suka ce to zasu yi, ana dab da zaɓe kowace jam'iyya tayi alkawari. Aka ci zaɓe, suka rubuto nasu sabon, suka cire ɓangaren ayyuka suka bar kaya kaɗai. Kuma kasan kayan nawa ne? Dabino ne da lemo da zaitun da bai kai na Yuro miliyan ɗaya a shekara ba. Kuɗin yana wajen ayyuka, irin kamfanonin da zaka kama ɗaki ta intanet a cikin matsugunan, Airbnb tana cikin jerin da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2020, kuma babban ofishinta na Turai a Dublin ɗinku yake. Kwamitin majalisarsu da kansa yace a maida ayyukan ciki, duk da haka 2025 ta ƙare ko na dabinon bai zama doka ba, Sulobeniya da Sifaniya da suka taso daga baya har sun riga su.

Dalili kuwa ba ɓoyayye bane, Amurka ce. Apple da Google da Meta da Intel da Pfizer duk suna can, kamfanoni goma kacal ke biyan sama da rabin harajin kamfanonin ƙasar baki ɗaya, kuma jihohin Amurka sama da 30 suna da dokar hukunta kamfanin da ya ƙaurace wa Isra'ila. To wa zai yi wasa da wannan? Ita kanta Ayalan tana cikin manyan masu sayen kayan Isra'ila a duniya saboda ƙananan kayan cikin kwamfuta da ake kawowa, na biliyoyin daloli.

Sai maganar ba-ruwanmu ɗin ma da kake ta yabo. Filin jirgin Shannon fa? Tun yaƙin Afganistan da Iraƙi sojojin Amurka sama da miliyan biyu suka yada zango a nan, jirgi ya sha mai su sha shayi su wuce fagen daga, kuma gwamnati bata shiga jiragen ta duba me ke ciki, abinda aka faɗa mata shi take ɗauka. A 2024 wata jaridar intanet tasu The Ditch ta bankaɗo jiragen kaya da suka ratsa sararin samaniyarsu ɗauke da kayan yaƙi zuwa Isra'ila ba tare da izini ba. Babban bankinsu kuma shine ke buga hatimi a takardun bashin da Isra'ila ke sayarwa a Turai, aka yi ta zanga-zanga a ƙofarsa, 'yan adawa suka kai maganar majalisa gwamnati ta kayar, ƙarshe a Satumban 2025 Isra'ila ce da kanta ta tattara ta koma Luksambok, ba su suka kore ta ba. Auta ka riƙe wannan kafin ka rataya tutarsu a ɗakinka.

Anti_Barista:

Auta ƙanina, tambayarka ta farko ba a amsa maka ita ba tukuna, sun tsaya a Dublin. A dokar ƙasa da ƙasa zama ɗan ba-ruwanmu ƙunshinsa kaɗan ne, yarjejeniyar Hague ta 1907 ce ta tsara shi: kar ka shiga yaƙin, kar gwamnatinka ta ba wani ɓangare makami ko soja, kar ka bari a yi amfani da ƙasarka, in ka sa wata ƙa'ida ka sa wa ɓangarorin biyu daidai. Shikenan. Babu inda aka ce ka yi gum da bakinka, babu inda aka ce kar ka kira laifin yaƙi da sunansa. Saboda haka surutun Ayalan bai karya komai ba, in ma akwai abin da ke karya mata shi ne Shannon ɗin da Sarkin Gardama ya faɗa. Ostiriya ma ai 'yar ba-ruwanmu ce tun 1955 a rubuce a tsarin mulkinta, amma ita can ɓangaren ta jingina, a Oktoba da Disamban 2023 da aka kaɗa ƙuri'ar tsagaita wuta a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya tana cikin 'yan tsirarun da suka ce a'a tare da Amurka da Isra'ila. Ka ga kenan kowa siyasarsa yake yi a ƙarƙashin inuwar.

Ni Suwizalan ce ta fi ba ni haushi, don ita ba kamar sauran ba ce, akwai amana a hannunta. Yarjejeniyoyin Geneva guda huɗu na 1949, waɗanda ƙasashe 196 suka sa wa hannu, a wajenta aka ajiye su. Ta huɗun ita ce ke kare farar hula. Sashe na 33 ya haramta hukunta jama'a gaba ɗaya kan laifin wasu, na 49 ya haramta wa mai mamaya kwaso mutanensa ya zaunar a ƙasar da ya mamaye ko ya kori 'yan ƙasa, na 55 ya ɗora masa ciyar da su da samar musu magani, sashe na 1 kuma ya ce duk wanda ya sa hannu ba bin dokar kaɗai ne a kansa ba, sai ya tsaya ya ga an bi ta. Kamar mai unguwa ne da aka ba shi ajiyar takardar fili, ana ta gini a filin marayu a gabansa, aka ce ya fito da takardar ya tara dattawa, sai ya ce ai tunda ba a daidaita ba shi ba zai shimfiɗa tabarma ba.

Kuma haka aka yi ba ƙari. A Satumban 2024 babban zauren Majalisar ya zartar da ƙudiri, ƙasashe 124 suka goyi baya, a ciki aka ce Suwizalan ta kira taron ƙasashen da suka sa hannu cikin wata shida kan yadda za a tilasta bin yarjejeniyar a Falasɗinu. Aka sa ranar 7 ga Maris 2025 a Geneva. Ta rubuto daftarin sanarwa mai ruwa-ruwa, Falasɗinawa da ƙungiyar ƙasashen Musulmi suka ce wannan ba zai yi ba, Isra'ila dama tun farko ba ta son a yi taron, ana gobe za a zauna sai ta sanar ta soke. An taɓa yin irinsa a 1999 da 2001 da 2014, sai a wannan karon da a lokacin an riga an kashe sama da mutum 48,000 bisa ƙidayar ma'aikatar lafiya ta Gaza ne taron ya gagara.

Ƙara da wannan, a Afrilun 2024 tana zaune a Kwamitin Sulhu aka kawo batun ba Falasɗinu cikakkiyar kujera, 12 suka ce eh, Amurka ta hau kujerar na ƙi, ita da Ingila suka ƙaurace. Shugaban UNRWA da yaƙin ya faɗo a kansa, Philippe Lazzarini, ɗan ƙasarta ne, amma a 2024 ta zaftare kuɗin da take ba hukumar daga faran miliyan 20 zuwa 10, majalisarta ma ta so a yanke gaba ɗaya. Sojojinta kuma tun 2015 suka yi odar jirage marasa matuƙi guda shida samfurin Hermes 900 daga kamfanin Elbit na Isra'ila. In ka ce ai halinta ne ba ta ɗaukar mataki a kan kowa, to a Fabrairun 2022 kwana huɗu kacal da shigar Rasha Yukren ta rungumi takunkumin Tarayyar Turai ta daskarar da dukiyar Rashawa. A Satumban 2025 Ingila da Faransa da Kanada da Ostireliya duk suka amince da Falasɗinu, ita ta ce lokaci bai yi ba.

Dan_Zango_Kumasi:

Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai amma akwai abin da zan ƙara kan Ayalan wanda ba takarda ba ne, don Sarkin Gardama ya ce komai nasu takarda ce. Kawuna tsohon soja ne na Gana, ya yi aikin wanzar da zaman lafiya a kudancin Labanon, kuma in ya fara labarin can sai an kira sallah yake tsayawa. Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta can, UNIFIL, da aka kafa a 1978 kwamandanta na farko ɗan Gana ne, Janar Emmanuel Erskine, wanda ya gaje shi kuma ɗan Ayalan ne, Janar William Callaghan, sojojin Najeriya ma sun yi wannan aikin a shekarun farko. Kawu yana cewa sojan Ayalan akwai barkwanci da son shayi amma in an ce ya tashi daga wajen da aka ajiye shi to fa an taɓo rigima.

Mutanen nan sun binne 'ya'yansu sama da 40 saboda Labanon. A Afrilun 1980 mayaƙan Saad Haddad da Isra'ila ke ɗaure wa gindi suka kama sojojinsu biyu suka harbe bayan faɗan ƙauyen At Tiri, a 1987 tankar Isra'ila ta harba wa sansaninsu ta kashe wani kofur, a Disamban 2022 kuma aka kashe musu wani yaro matashi a yankin da Hizbullah ke da ƙarfi, kaga ta kowane ɓangare sun sha. Ƙaramar ƙasa ce, mutum miliyan biyar da ɗoriya, kusan kowane gari akwai wanda ɗansa ko babansa ya je ya ga ƙauyukan da aka rusa da idonsa ya dawo ya ba da labari a gida. A Oktoban 2024 da Isra'ila ta kutsa kudancin Labanon ta ce su janye daga wani ƙaramin sansani kusa da Maroun al-Ras, suka ƙi, tankoki suka zo suka yi fakin dab da shingensu, yaran suka zauna cikin ramin ɓuya kwana da kwanaki ba su motsa ba. Wannan dai ba wasiƙa ba ce yallaɓai.

Tsohon_Hedimasta:

Barista 'yata, na ji hujjojinki kuma ba na musun ko ɗaya, amma ki yi wa Suwizalan adalci ta fuska guda. Duniya tana buƙatar wanda kowa zai iya shiga gidansa. Tun 1980 ita ce ke isar da saƙo tsakanin Amurka da Iran da ba sa ga-maciji. Mu nan ma mun ci moriyarta, 'yan matan Chibok 21 da aka sako a Oktoban 2016 da 82 na Mayun 2017, gwamnatin Suwizalan da ƙungiyar Red Cross ne suka shiga tsakani. A Gaza ma duk musayar fursunoni da aka yi, fararen motocin nan masu jan kuros su ne ke ɗauko na nan su kai can. Da suna hawa mumbari kullum suna zagin wani ɓangare wa zai buɗe musu ƙofa? Ayalan ta yi magana ta ji daɗi, jakada ya tattara ya tafi, yanzu in tana da saƙo wa za ta ba? Ko da yake ba na mantawa cewa irin wannan kama bakin nasu ne ya sa kuɗinmu na zamanin Abacha suka samu wajen kwana a bankunansu, sai da aka yi shekaru ana jeka-ka-dawo kafin su fara dawowa.

Anti_Barista:

Baba ranka ya daɗe, ina tare da kai a kan Red Cross ɗari bisa ɗari, ita dole ta kama bakinta don ta samu shiga kurkuku da asibiti. Amma ita ƙungiya ce mai zaman kanta, mazauninta ne kawai a Geneva, ba gwamnatin Suwizalan ba ce. Sannan in hujjar gwamnatin ita ce tana so ƙofarta ta zama a buɗe ga kowa, ai da hannunta ta rufe ɗaya, majalisarta ta haramta Hamas a Disamban 2024 alhali shekara da shekaru tana magana da su. Sulhun Gaza kuma kowa ya gani Ƙatar da Masar ne suka yi ta zirga-zirgarsa, ba a Geneva aka zauna ba. To shirun ya saya mata me? Bakin an kama, shiga tsakanin kuma wasu ne suka yi.

Auta_Gwammaja:

Kai Allah ya saka da alheri, na ƙaru fiye da yadda na zata. Baba da Anti na gode. Saura guda ɗaya Yaya Baban Nana, tunda Sarkin Gardama ya ce kayan da ake rigima a kansu ma dabino ne da bai kai komai ba, me ya sa mutanen can suka nace sai an yi dokar, kuma me ya sa Isra'ila da Amurka suke tayar da jijiyar wuya a kanta?

Baban_Nana:

Duk abin da Sarkin Gardama ya lissafa gaskiya ne, kuma masu zanga-zangar nan sun fi shi faɗa, rabin kwalayen da ake ɗagawa gwamnatinsu suke zagi ba Netanyahu ba, wata-wata ma akwai masu zuwa bakin filin Shannon su tsaya. Amma batun nacewa akwai labarin da kowa a nan ya sani. A Yulin 1984 wata yarinya 'yar shekara 21 mai suna Mary Manning tana kan kanta a wani babban shago na Dunnes da ke titin Henry, wata mata ta ajiye mata lemo guda biyu na Afirka ta Kudu, yarinyar ta ce ƙungiyarsu ta ƙwadago ta hana su taɓa kayan gwamnatin wariyar launin fata, ba za ta buga kuɗinsa ba. Aka dakatar da ita nan take, abokan aikinta kusan goma suka biyo ta waje. Suka tsaya a ƙofar shagon nan da kwalaye cikin sanyi da ruwa kusan shekara uku, ɗan abin da ƙungiya ke ba su ko haya ba ya biya, har sai da gwamnati ta hana shigo da kayan gona na Afirka ta Kudu a 1987. Da aka sako Mandela ya zo Dublin a 1990 sai da ya gana da su. Lemon nan biyu nawa ne kuɗinsa?

Abin da ake tsoro ba dabinon ba ne, kar a buɗe ƙofa ne, don in ƙasa ɗaya a cikin Tarayyar Turai ta yi doka ta tsaya a kotu, gobe goma za su kwafa, kuma Tarayyar Turai ita ce babbar abokiyar cinikin Isra'ila. Mun ga irinsa ai. Wasiƙar da suka rubuta da Sifaniya a Fabrairun 2024 aka jefa ta a durowa, sai a Mayun 2025 da Holan ta sake tayar da maganar ƙasashe 17 cikin 27 suka ce a duba, aka duba kuma rahoton ya ce akwai alamun Isra'ila ta saɓa sharaɗin kare haƙƙin ɗan Adam da ke cikin yarjejeniyar. Amincewa da Falasɗinu ma da suka yi su uku aka ce sun yi gaggawa, bayan wata 16 Landan da Faris suka biyo sahu. Bai tsayar da bam ko ɗaya ba a lokacin da ake buƙata, wannan kam ba mai musu.

Sarkin_Gardama:

To madalla da ka faɗa da bakinka. Na lemo shekara uku ya ɗauka, na dabino an haura bakwai ana jan ƙafa, kuma wancan karon Afirka ta Kudu bata da Intel a bayan gidansu. Ranar da suka sa hannu da Airbnb a ciki, kuma aka hau jirgi ɗaya tak a Shannon aka buɗe akwatunan, kayi min filashin ni zan kira ka da katina.